Farar giyar inabi mai kauri

Farar giyar inabi mai kauri rukuni ne na fararen giyar inabi masu nauyi a baki, waɗanda ɗanɗanonsu yake daɗewa bayan an haɗiye, wasunsu kuma suna da bauri irin na jar giya. Sunan ba na doka ba ne. 'Yan kasuwar giya da masu rubutu a kanta ne suke amfani da shi don su bambanta wannan rukuni da fararen giya marasa nauyi, masu tsami da ƙamshin ɗanyun 'ya'yan itace. Irin waɗannan aka fi nuna wa wanda ya saba da jar giya idan yana neman farar da za ta yi masa daɗi. Cikin fitattunsu akwai Chardonnay na Burgundy da na Kalifoniya, da fararen giyar kwarin Rhône a Faransa, da tsohuwar farar Rioja ta Sifaniya, da vin jaune ta yankin Jura, da giya mai launin lemu ta Jojiya da arewa maso gabashin Italiya.

Ɓawon inabi ne ya raba jar giya da fara. Ja ana tsima ta tare da ɓawon, fara kuwa ana fitar da ɓawon tun kafin tsimuwa ta fara. Kowace farar giya mai kauri tana cike giɓin da rashin ɓawon ya bari ta wata hanya: ko gangar katako, ko lakar yis, ko aikin bakteriya, ko shigar iska, ko kuma a bar ɓawon kansa a ciki.

Suna

Kalmar inabi aro ce daga Larabci. Giya kuwa a asali sunan abin sha ne mai bugarwa da ake dafawa da dawa ko gero, daga baya ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da sauran kayan barasa. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa tana cewa ruwan inabi, amma da yake wannan suna yana iya nufin ruwan da ba a tsima ba, a nan an yi amfani da giyar inabi.

Harsunan Turai da yawa suna kiran wannan giya fara: vin blanc da Faransanci, vino bianco da Italiyanci, vino blanco da Sifaniyanci, Weisswein da Jamusanci. Ainihin launinta yana kamawa ne daga rawaya mai haske da ɗan kore zuwa ruwan zinariya, tsohuwa ma har ruwan ƙasa. Sunan ja ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Mutanen Sifaniya suna cewa vino tinto, wato wadda aka rina, masu harshen Katalan kuma vi negre, wato baƙar giya.

Abin da aka kira kauri a nan, Faransawa suna ce masa corps, Italiyawa corpo, mutanen Sifaniya cuerpo, duka da ma'anar jiki. Masaniyar kimiyyar harshe Adrienne Lehrer ta Jami'ar Arizona ta nuna a littafinta Wine and Conversation na 1983 cewa kalmomi da yawa na siffanta giya an aro su ne daga siffar jiki da halin ɗan Adam, kuma masu shan ba safai suke nufin abu ɗaya da kalma ɗaya ba. A Hausa kauri ya fi kusa da ma'anar, kamar yadda ake bambanta kunu mai kauri da mai ruwa-ruwa, sai dai a giya bambancin bai kai haka fitowa fili ba.

Bambancin ja da fara

Ruwan kusan kowane irin inabi ba shi da launi, ko da ɓawonsa baƙi ne. Launin yana cikin ɓawo, a wani sinadari da ake kira antosayanin. Shi ya sa ake iya yin farar giya da baƙin inabi idan aka matse shi a hankali aka raba ruwan da ɓawon nan take, kamar yadda ake yi da Pinot Noir da Meunier a yankin Champagne. Ire-ire kaɗan ne suke da jan tsoka, irin su Saperavi na Jojiya da Alicante Bouschet. Binciken da aka wallafa daga Japan a 2004 da Ostireliya a 2007 ya nuna cewa farin inabi ya samo asali daga baƙi, bayan sauyin da ya kashe aikin ƙwayoyin gado biyu masu maƙwabtaka da ke kula da launin ɓawo.

Ban da launi, ɓawo da ƙwallon inabi da tsinkayen da 'ya'yan ke rataye a jiki suna ɗauke da tanin. Tanin yana kama furotin da ke cikin yawu, sai baki ya bushe ya yi kaushi. Wannan shi ne baurin da ake ji a goro ko a shayi mai ƙarfi marar madara, kuma danginsa ne yake cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Jar giya tana zama da ɓawonta daga 'yan kwanaki zuwa makonni, don haka take kwasar tanin da yawa.

Farar giya ta yau da kullum ba ta samun wannan. Ana matse inabin, a bar ruwan ya kwanta, sannan a zuba yis ya juya sukari ya zama barasa, wanda shi ne tsimuwa. Galibi ana yin haka cikin tankin ƙarfe marar tsatsa, a sanyin digiri 12 zuwa 18 na ma'aunin Selshiyas, don kada ƙamshi ya tsere. Jar giya kuwa ana tsima ta a kusan digiri 20 zuwa 30. Sakamakon shi ne giyar da ta dogara ga tsami da ƙamshi kawai, wadda mai shan ja yakan ji ta kamar ruwa, ko ya ce tsaminta ya yi yawa, ko ya ɗauki ƙamshin 'ya'yan itacen a matsayin zaƙi ko da babu sukari a ciki.

Hanyoyin samar da kauri

Nunar inabi. Inabin da ya nuna sosai, musamman a wuri mai zafi, yana da sukari da yawa da tsami kaɗan. Yawan sukari yana ba da yawan barasa, ita kuma barasa tana ƙara nauyi da ɗumi a baki. Fararen giya masu kauri sukan kai kashi 13.5 zuwa 14.5 cikin ɗari, daidai da jar giya da yawa.

Gangar katako. Ana tsima giyar ko a ajiye ta cikin gangar itacen oak da aka babbake cikinta da wuta. Gangar Bordeaux tana cin lita 225, ta Burgundy lita 228. Sabuwar ganga tana ba da ɗan tanin da ƙamshin banila, kanumfari da hayaƙi, waɗanda mai shan jar giya ya riga ya sani, domin a irin gangar ake ajiye manyan jajayen giya. Itacen Amurka ya fi na Faransa ba da ƙamshin kwakwa. Bayan an yi amfani da ganga sau uku ko huɗu ƙamshinta yakan kusa ƙarewa, amma tana ci gaba da barin iska kaɗan ta shiga.

Aikin bakteriya. Inabi yana da asid malik, mai kaifin tsami irin na ɗanyen tuffa. Bakteriyar da ake kira Oenococcus oeni tana juya shi ya koma asid laktik, wanda yake cikin kindirmo, kuma tsaminsa ya fi laushi. A hanya ana samun sinadarin dayasetil mai ƙamshin man shanu. Kusan kowace jar giya tana bin wannan mataki, a fara kuwa zaɓi ne: ana barin sa a yawancin Chardonnay, ana hana shi a yawancin Riesling da Sauvignon Blanc.

Lakar yis. Idan tsimuwa ta ƙare, matattun ƙwayoyin yis suna kwanta a ƙasan ganga kamar laka. In aka bar giyar a kansu na watanni, sukan narke su saki sinadaran da ke sa ta santsi a baki, da ƙamshi kamar na burodi. A Burgundy ana motsa lakar da sanda lokaci-lokaci, aikin da Faransawa ke kira bâtonnage.

Shigar iska. Yawancin masu yin farar giya suna tsare ta daga iskar oksijin. A wasu yankuna da gangan ake barin iska ta taɓa ta na shekaru, sai launinta ya yi duhu, ƙamshin ɗanyun 'ya'yan itace ya ba da wuri ga na gasasshiyar gyaɗa, zuma da busassun 'ya'yan itace.

Jiƙon ɓawo. Ana iya tsima farin inabi tare da ɓawonsa kamar yadda ake yi wa ja. Wannan ce hanyar da take ba farar giya bauri sosai, da launi daga ruwan zinariya zuwa ruwan lemu.

Ire-ire da yankuna

Chardonnay

Asalinsa Burgundy ne a gabashin Faransa. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 1999, wanda masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka yi da abokan aikinsu na Faransa, ya nuna cewa iyayensa su ne Pinot da Gouais blanc. Ba shi da ƙamshi mai ƙarfi na kansa, don haka yana ɗaukar halin ƙasar da aka shuka shi da hanyar da aka sarrafa shi. Ƙauyukan Meursault, Puligny-Montrachet da Chassagne-Montrachet, da tudun Corton inda ake yin Corton-Charlemagne, su ne suka fi suna da mai kauri. Chablis, wanda ke can arewa inda sanyi ya fi yawa, da inabi ɗaya yake aiki amma giyarsa ta fi tsami, kuma sau da yawa ba ta shiga sabuwar ganga.

A ranar 24 ga Mayun 1976, ɗan kasuwar giya ɗan Ingila Steven Spurrier ya shirya gasar ɗanɗano a Paris, inda alƙalai Faransawa suka ba da maki ba tare da sun ga kwalabe ba. Chardonnay na 1973 daga Chateau Montelena na Kalifoniya ne ya zo na ɗaya a rukunin farare, gaba da fitattun giyar Burgundy. Daga nan salon Kalifoniya mai yawan ganga da ƙamshin man shanu ya bazu, har a shekarun 1990 wasu suka gaji da shi suka ɗauki taken "komai ban da Chardonnay". Masu yi da yawa sun rage amfani da sabuwar ganga tun daga lokacin.

Kwarin Rhône

A arewacin kwarin, Condrieu ana yin ta da Viognier zalla. Tsaminta kaɗan ne, tana da santsi kamar mai, da ƙamshin furanni da afirikot. Wannan inabi ya kusa ɓacewa a shekarun 1960, lokacin da 'yan hektoci kaɗan suka rage, kafin a farfaɗo da shi ya kai har Ostireliya da Amurka. Farar Hermitage kuma ana yin ta da Marsanne da Roussanne, tana iya shekaru da dama a kwalba. A kudu, farar Châteauneuf-du-Pape gauraye ce ta Grenache blanc, Roussanne, Clairette da Bourboulenc, tare da wasu.

Bordeaux da Sémillon

Yankin Pessac-Léognan, wanda ya sami sunansa na doka a 1987, yana haɗa Sauvignon Blanc da Sémillon a tsima su cikin ganga. Sémillon ne yake kawo nauyi da santsi kamar na kakin zuma. Gidajen da suka shahara da jar giya, irin su Château Haut-Brion da Domaine de Chevalier, suna yin fara ma. Sémillon na kwarin Hunter a Ostireliya ya fita daban: barasarsa ba ta cika wuce kashi 11 cikin ɗari ba, ba ya shiga ganga, amma bayan shekaru a kwalba yakan yi ƙamshin zuma da gasasshen burodi kamar wanda ya zauna a ganga.

Rioja, Jura da Jerez

Farar Rioja ta gargajiya ana yin ta galibi da inabin Viura, a ajiye ta shekaru cikin tsofaffin gangunan itacen Amurka. Gidan López de Heredia da ke garin Haro, wanda aka kafa a 1877, yana cikin waɗanda suka riƙe wannan salo.

Vin jaune, wato rawayar giya, ta yankin Jura ce a gabashin Faransa, kuma da inabin Savagnin kaɗai ake yin ta. Ba a cika gangar idan giyar ta ragu, sai wani ɓawon yis ya rufe samanta ya rage shigar iska. Sai bayan kusan shekara shida da wata uku da girbi ake fitar da ita, cikin kwalba ta musamman mai suna clavelin da ke cin santilita 62, wanda aka ce shi ne abin da yake saura daga lita ɗaya. Ƙamshinta yana kama da na hulba, domin sinadarin sotolon yana cikin su biyun.

Giyar Jerez ta kudancin Sifaniya, daga inabin Palomino, ana ƙara mata barasa bayan tsimuwa. Nau'in fino yana zama ƙarƙashin ɓawon yis, oloroso kuwa iska ce take tsufar da shi, shi ya sa ya fi duhu da nauyi.

Giya mai launin lemu

A 2017 masu binciken kayan tarihi suka ba da rahoton ɓurɓushin giyar inabi a jikin tukwanen da aka tono kudu da Tbilisi, waɗanda suka kai kimanin shekara 8,000. Har yau a Jojiya ana tsima giya cikin qvevri, wata babbar randa mai siffar ƙwai da ake shafe cikinta da kakin zuma a binne ta cikin ƙasa. A yankin Kakheti ana barin farin inabi irin su Rkatsiteli, Mtsvane da Kisi tare da ɓawo da ƙwallo har kusan wata shida. Hukumar UNESCO ta saka wannan hanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2013.

A ƙauyen Oslavia na yankin Friuli, kan iyakar Italiya da Silobeniya, Stanko Radikon ya koma jiƙa ɓawon inabin Ribolla Gialla a 1995. Maƙwabcinsa Josko Gravner ya ziyarci Jojiya a 2000, ya kuma fara aiki da randunan can. Sunan giya mai launin lemu daga launin ya fito, babu lemu a cikinta, kuma ana danganta shi ga ɗan kasuwar giya ɗan Birtaniya David Harvey a 2004. Mutanen Jojiya sun fi son a ce da ita mai launin ambar.

Sauran

Afirka ta Kudu, inda aka fara matse giya a Cape ranar 2 ga Fabrairun 1659, ta fi kowace ƙasa yawan gonakin Chenin Blanc, har da Faransa inda ya samo asali. Tsofaffin itatuwan Swartland da Stellenbosch suna ba da giya mai nauyi da tsami tare. Akwai kuma Savennières a kwarin Loire, da Pinot Gris na Alsace, da Grüner Veltliner mai lambar Smaragd daga Wachau a Ostiriya, wanda barasarsa ba ta gaza kashi 12.5 cikin ɗari, da Assyrtiko na tsibirin Santorini a Girka.

Dangantaka da jar giya

Masu sayar da giya sukan duba abin da mutum yake so a jar giya kafin su nuna masa fara. Wanda ƙamshin ganga ya fi jan hankalinsa, kamar mai shan jar Rioja ko Cabernet Sauvignon na Kalifoniya, ana kai shi ga farar Rioja ko Chardonnay mai ganga. Wanda bauri yake so, kamar mai shan Nebbiolo, giya mai launin lemu ce ta fi kusa da abin da ya saba. Mai son nauyi da ɗumin barasa na Syrah da Grenache yakan sami makamancinsu a fararen Rhône. Mai shan Pinot Noir, wadda ita kanta ba ta da nauyi sosai, yakan gamsu da farar Burgundy ko Chenin Blanc.

Iyakar da ke tsakanin ja da fara ba ta da tsauri a gonar ma. Dokar Côte-Rôtie ta yarda a haɗa Viognier har kashi 20 cikin ɗari da Syrah wajen yin jar giya, ta Hermitage kuma ta yarda da Marsanne da Roussanne har kashi 15.

Launi da kalmomin ƙamshi

A 2001 Gil Morrot, Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu suka wallafa wani gwaji a mujallar Brain and Language. Sun ba ɗalibai 54 na sashen ilimin giya a Jami'ar Bordeaux farar giya da aka rina ta koma ja da sinadari marar ƙamshi. Ɗaliban sun siffanta ƙamshinta da kalmomin da suke amfani da su ga jar giya, wato sunayen jajaye da baƙaƙen 'ya'yan itace, alhali giyar da ba a rina ba sun siffanta ta da abubuwa masu launin fari da rawaya. Gwajin ya taƙaita ne ga sunsuna, don haka bai nuna cewa baki ba ya rarrabe ja da fara ba, musamman da yake bauri abu ne da ake ji a harshe da dasashi. Abin da ya nuna shi ne ido yana riga hanci zaɓen kalma, kuma wani ɓangare na ƙin farar giya yana iya zuwa daga abin da mutum ya sa rai tun kafin ya ɗanɗana.

Sanyi da abinci

Sanyi mai yawa yana danne ƙamshi, yana fito da tsami da bauri. Farare marasa nauyi ana sanyaya su zuwa digiri 7 zuwa 10, masu kauri kuwa 10 zuwa 13, mai launin lemu har ta ɗan fi haka, kusa da digiri 15 zuwa 18 na jar giya. Kwalbar da ta fito daga firji kai tsaye tana kusan digiri 4, shi ya sa Meursault ko Condrieu ba sa nuna halinsu sai sun ɗan huce.

A ƙasashen da ake yin su, ana cin abinci mai nauyi da su. A Jura ana haɗa vin jaune da cukun Comté, ana kuma dafa kaza da ita. A Jojiya giyar qvevri tana raka gasasshen nama da abinci mai tafarnuwa da kayan ƙamshi, wurin da a wasu ƙasashe jar giya ce take zama.

Lafiya, addini da doka

Shirin talabijin na 60 Minutes na Amurka ya yayata a Nuwamban 1991 ra'ayin cewa jar giya tana kare zuciya, abin da ya ɗaga cinikinta a ƙasar, ya kuma sa wasu suke ganin ta fi fara amfani. Barasar da ke cikin su biyun ɗaya ce. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka kayan barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar, a Janairun 2023 kuma hukumar ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Da yake farare masu kauri sun fi marasa nauyi yawan barasa, kofi ɗaya nasu ya fi bugarwa.

Farar giya takan fi ja yawan sinadarin salfait da ake zubawa don hana lalacewa, domin tanin yana ba ja wata kariya daga iska. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 150 a lita ga jar giya marar zaƙi, 200 ga fara. Wasu masu cutar asma ba sa jure wannan sinadari.

Musulunci ya haramta shan giya kowace iri, da sayar da ita, kuma aya ta 90 ta Suratul Ma'ida tana cikin hujjojin da malamai suke kafawa. Ƙasashe irin su Saudiyya da Iran sun hana ta ga jama'a, haka ma dokokin shari'a da jihohi 12 na arewacin Najeriya suka ɗauka daga shekarar 2000 sun tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha.

Duba kuma

Inabi
Giya
Tanin
Yis
Jojiya